Ta faɗa an yi shiru, ya maimaita an ce madalla

Akwai wata ma'aikata da na yi aiki shekarun baya, ni ne mai rubuta bayanin mitin na duk ranar Litinin, wato in zauna gefen darakta da biro da takarda ina kwashe wane ya ce kaza wance ta ce kaza. Wata rana ana ta kai ruwa rana kan man janareta, dizal ɗin da aka saya na wata guda sai ya ƙare a sati uku kuma babu wanda ya san inda yake shiga. Muna da wata baiwar Allah a sashen kuɗi, duk ofis ɗin an san babu wanda ya kai ta riƙe lissafi, sai ta ɗan ɗaga hannu ta ce, "Ranka ya daɗe a yi haƙuri, ban sani ba ko na yi daidai, amma ina ganin kamar da za a ajiye littafi a ɗakin janareta ana rubuta lokacin da aka kunna da lokacin da aka kashe, mai gadi yana sa hannu, wataƙila a gane bakin zaren." Ɗakin ya yi tsit, darakta yana duba waya, can wani ya ɗauko maganar gyaran famfo aka wuce. Bayan kamar minti goma sai wani abokin aikinmu ya gyara zaman hularsa ya ce, "Yallaɓai mafita ɗaya ce, a buɗe littafi a ɗakin janareta, duk kunnawa da kashewa a rubuta." Darakta ya ɗago ya ce madalla, ka ji magana, sakatare rubuta. Na rubuta, da sunan mutumin.

Sai da na zo bugawa a kwamfuta da yamma na ga ashe a saman takardar na fara rubuta maganarta da hannuna, na kai rabi na bari, don ban ga alamar za ta je ko'ina ba. Wannan rabin layin ya daɗe yana damuna wallahi, don mutumin ba mugu ba ne, ina da yaƙinin shi kansa ya ɗauka daga kansa dabarar ta fito, darakta ma ba maƙiyinta ba ne, ni ma haka, amma duk mu ukun mun haɗu mun cinye mata haƙƙinta ba tare da ɗayanmu ya yi niyya ba. Tun daga ranar nake kasa kunne a mitin, wa ya yi magana, da wace irin murya, wa aka katse, wa aka ji.

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne zancen nan na cewa ai mata sun fi maza surutu. A 2007 wani masani a Jami'ar Arizona ta Amurka, Matthias Mehl, shi da abokan aikinsa suka maƙala wa ɗalibai 396 wata 'yar na'ura mai ɗaukar sauti suna yawo da ita kwanaki, aka zo aka ƙirga, mata da maza kowanne ya tashi da kusan kalma 16,000 a rana, tazarar da ke tsakani ba ta taka kara ta karya ba. Kenan bakin ɗaya ne, inda ake buɗe shi ne ya bambanta. Ka shiga gidan biki ko wajen adashi ka ji yadda uwar adashi take tsare mai jinkirin zubi, ko dillaliya take ciniki, ko shugabar wata makarantar Islamiyya ta matan aure take tafiyar da ɗalibai ɗari biyu, babu inda-inda babu "ban sani ba ko na yi daidai". Ita wannan matar ce fa za ka gani a ɗakin mitin ta zama kamar ruwa ya cinye ta. To me ya canza tsakanin tsakar gida da ofis?

A 1975 wata masaniyar harshe Robin Lakoff ta lissafo abubuwan da ta kira salon maganar mata a Turanci, irin su yawan ba da haƙuri, da sassauta magana da "kamar" da "wataƙila", da maida bayani ya koma tambaya. Maganar ta yi tashe sosai. Amma a 1980 wasu masu bincike biyu, William O'Barr da Bowman Atkins, suka bi shaidun da ake bayarwa a kotu a jihar North Carolina, sai suka tarar macen da take da ilimi da matsayi ba ta cika wannan salon ba, shi kuwa namiji talaka da ya tsinci kansa gaban alƙali da lauyoyi yana yin sa sosai. Suka ce wannan ai harshen marar iko ne, kawai dai mata ne suka fi yawa a wannan gurbin. Ni a wajena nan ne gaskiyar lamarin take, kuma ba sai mun je Amurka ba, ka kalli darakta ɗin nan da yake tsawa a ofis ranar da kwamishina ya kira shi, za ka ji "ranka ya daɗe, in an yarda, a ganina dai, amma kai ne uba", har da ɗan rusunawa da cire takalmi in abin ya kai fadar sarki. Muryar da ya ƙi saurara ranar Litinin ita ce tasa ranar Laraba.

Sai dai namu yana da ƙari a kan na Turawa, shi ne kunya da kawaici da kara, abubuwan da aka raine mu a kai kuma ni ban ga laifinsu ba, su ne adon Bahaushe. Yaro namiji ma ana koya masa kunya, amma ba a ɗora masa nauyinta kamar 'ya mace. Ita tun tana ƙarama ake ce mata sunkuyar da kai, kar ki kalli babba tsakar ido, rage murya, ke ba kya ganin maza a wurin? Ta girma ta ga uwarta ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, in tana son abu a wajen maigida sai ta bi ta hannunka mai sanda. Shi kuwa ɗan'uwanta tun yana ɗan shekara goma sha yake zaman majalisa a ƙofar gida da wajen mai shayi, ana musun ƙwallo da siyasa, ka katse ni in katse ka, wanda ya fi ɗaga murya shi ya ci, a tashi kuma babu wanda ya riƙi wani. Wato shi ya yi shekara da shekaru yana atisayen mitin bai sani ba. Ranar da suka gama jami'a tare aka ɗauke su aiki tare, sai a zaunar da su a teburi ɗaya a ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, kuma teburin da dokar majalisar mai shayi yake tafiya.

To ai sai ta koyi magana irin ta maza mana, haka wasu za su ce. Nan ne tarkon yake. In ta yi shiru ko ta sassauta a ce Hajiya mutuniyar kirki ce amma ba ta da kuzari, ba za ta iya riƙe sashe ba. In ta miƙe ta ce wannan lissafin ba daidai ba ne ga hujja, kafin la'asar ofis ya ɗauka, ai wance fitsararriya ce, ga tsiwa ga tsaurin ido, Allah Ya ji ƙan mijinta. Kalma ɗaya, murya ɗaya, in daga bakin namiji ta fito a ce tsayayye ne ba ya ɗaukar raini. Victoria Brescoll ta Jami'ar Yale ta duba Majalisar Dattawan Amurka, ta ga sanata namiji in ƙarfinsa ya ƙaru tsawon maganarsa a zauren yana ƙaruwa, amma sanatoci mata ba haka ba, kuma da ta gwada mutane da labarin shugaban kamfani mai yawan magana, in an ce namiji ne sai su ƙara masa maki wajen ƙwarewa, in an ce mace ce su rage, kuma matan da aka tambaya ma haka suka yi. Kenan shirun da mace take yi sau da yawa lissafi ne, ta auna abin da maganar za ta jawo mata ta ga bai biya ba, magana kuwa zarar bunu ce.

Ko a kotun ƙoli ta Amurka, inda babu wanda zai ce matan ba su da iko, wani bincike na Tonja Jacobi da Dylan Schweers a 2017 ya nuna alƙalai mata an fi katse su nesa ba kusa ba, daga abokan aikinsu maza har lauyoyin da ke tsaye a gabansu. Abin da ya fi tsaya min a rai a binciken shi ne sun lura da cewa da shekaru suka ja, alƙalan mata sun riƙa rage buɗe tambaya da neman izini da ba da haƙuri, saboda a daidai wannan gaɓar ta ladabi ake samun ƙofar katse su. Ka tuna yadda baiwar Allah ta fara tata, "a yi haƙuri, ban sani ba ko na yi daidai", kafin ta kai ga littafin janareta rabin ɗakin ya riga ya sauke kunne.

Harshenmu ma yana tona mana asiri in muka saurare shi. Mace ta yi aikin da ya burge kowa sai mu ce ta yi namijin ƙoƙari, ko mu yi mata kirari da kallabi tsakanin rawuna, mace mai kamar maza. Yabo ne da zuciya ɗaya, amma ma'aunin namiji ne. In kuma ana son a yi watsi da batu a ce wannan ai zancen mata ne. Sannan ka lura da yadda ake gabatar da mutane a taro, Injiniya wane, Dakta wane, Barista wane, in an zo kanta sai a ce Hajiya, ko Madam, ko Anti, alhali ita ma digirin injiniyan ne da ita. Girmamawa ce, na yarda, amma girmamawar uwa da yaya ce, ta aikin ta ɓace a hanya. A asibiti kuwa likita mace da farar riga da abin awo a wuya ta gama duba marar lafiya ta rubuta magani, sai ɗan'uwansa ya ce sista yaushe likitan zai zo.

Yanzu ga wanda nake ganin ya fi duka girma a ofisoshinmu na Arewa, kuma ba a cika faɗinsa ba. Yawancin shawara ba a ɗakin mitin ake yanke ta ba. Ana yanke ta a hanyar dawowa daga sallar Azahar, ana saka takalmi a ƙofar masallaci oga ya dafa kafaɗar wani ya ce af, batun nan na tafiya Abuja ya kake gani. Ana yanke ta a mota ɗaya da aka cika za a je ɗaurin aure ko ta'aziyya, ko wajen mai tsire bayan an tashi, ko a falon oga da daddare. Duk wuraren nan mace ba ta ciki, kuma ba don an kore ta ba, tsarin rayuwarmu ne haka. Ita ƙarfe huɗu na yi tana sauri ta ɗauko yara daga makaranta ta ɗora girki. Ranar mitin sai ta shigo da takardunta ta shirya hujja tsaf, ba ta san an riga an gama magana tun jiya ba, abin da ya rage kawai a tabbatar. In ta kawo wani ra'ayi daban sai ta zama mai dagula lissafi, su kuma mazan suna mamakin me ya sa ba ta gane inda aka dosa ba.

Kuma ba za ta iya cike wannan giɓin yadda namiji zai yi ba. Saurayi sabon ɗauka yana iya shiga ofishin oga sau biyar a rana, ya zauna a yi hira, ya ji sirrin aiki, ya ji wace takarda ake rubutawa in ana neman ƙarin girma, a ce yaron nan yana da himma. Ita in ta shiga sau biyu a jere masinja ya gani, gobe magana ta fita, kuma maganar irin wadda ke kashe aure ce. Shi ma ogan mai tsoron Allah ne ko mai tsoron bakin mutane, sai ya riƙa gajarta mata, ajiye fayil ɗin zan duba, shi ke nan. Ita ta ɗauka ba ya son aikinta, shi kuma yana ganin kare mutuncinsu yake yi. Hatta guruf ɗin WhatsApp na ofis, oga ya turo saƙo ƙarfe goma sha ɗaya na dare maza su yi ta amsawa, ita kuwa tana tunanin me maigida zai ce in ya ga tana hira da mutanen ofis a wannan lokacin, kafin gari ya waye an raba aiki.

Kar kuma a ɗauka maza suna cin riba ne kawai a wannan tsarin. An raine mu a kan namiji ba ya cewa ban sani ba, ba ya cewa ban gane ba, balle ya ce na yi kuskure a gaban na ƙasa da shi. Na sha ganin an kawo sabon tsarin aiki a kwamfuta, mai koyarwa ya ce akwai tambaya, duk mazan mu gyaɗa kai, sai wata mace ta ce don Allah Malam a sake maimaita wajen nan, ka ga kowa ya ɗauki biro. Tambayar da aka lissafa mata a matsayin rauni ita ce ta ceci ɗakin. Haka nan wannan tabbacin da namiji yake magana da shi, mafita ɗaya ce, ba kullum yake da ilimi a ƙarƙashinsa ba, wani lokacin murya ce kawai, kuma ma'aikatu da yawa sun yi asarar kuɗi saboda an bi mai ƙarfin murya an bar mai ƙarfin hujja. A asibiti abin ya wuce kuɗi, nas da ta shekara ashirin a ɗakin haihuwa ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta ce likita ko za a ƙara duba ta, shi kuma matashin likita ya ji kamar shawara ce da zai iya ɗauka ko ya bari, alhali a harshenta wannan ƙararrawa ce.

Ba kuma nake cewa duk mace haka take ko duk namiji haka yake ba. Na yi aiki ƙarƙashin wata shugaba da in ta yi gyaran murya maza suke shiga taitayinsu, na kuma san maza masu kawaicin da ko an taka su ba sa cewa uffan, su ma ana cinye musu dabaru a mitin kamar yadda aka cinye na baiwar Allah. Akwai kuma shugabanni mata da suka fi tsananta wa mata 'yan'uwansu. In ka zauna da ma'aikaciyar da ta taso a Legas ka ji yadda take fuskantar oga kai tsaye, za ka gane tarbiyya da muhalli sun fi halitta tasiri a nan, don ita ma mace ce.

Masu jingina shirun mace a wajen aiki da addini kuwa, ina ganin sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Kunya tana daga imani, wannan hadisi ne ingantacce, amma Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. A Hudaibiyya lokacin da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, shawarar Ummu Salama ce ta warware lamarin, ta ce wa Manzon Allah (SAW) ya fita ya yi nasa ba tare da ya yi wa kowa magana ba, ya yi, kowa ya bi. Kuma an ruwaito shawarar da sunanta har yau, ba a maida ta ta wani ba. A ƙasarmu Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, kuma manyan malaman zamaninta suna girmama iliminta. Mai shari'a Aloma Mukhtar ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2012 zuwa 2014. Mutunci da faɗin gaskiya a bainar jama'a sun daɗe suna zama a jikin mace ɗaya.

Abin da na ga yana aiki ba wani abu ne mai tsada ba, kuma yawancinsa a hannun mai jagorantar mitin yake. Shugaban da yake zagayawa ya kira kowa da sunansa ya ce me kika gani, me ka gani, ya fara daga ƙananan ma'aikata kafin manya su yi magana su rufe ƙofa, yana jin abin da wani shugaban ba zai taɓa ji ba. In an katse mutum ya ce dakata Malam, bari ta ƙarasa. In an yi wata magana a ƙofar masallaci ya dawo da ita teburi a matsayin shawara da ba a yanke ba. Ya bar ƙofar ofishinsa a buɗe ga kowa, mace da namiji, ya zama kowa a buɗe ake ganinsa, sai bakin masu gulma ya mutu. Matan da suka yi aiki a fadar White House zamanin Obama sun ba da labarin wata dabara da suka yi, in ɗaya ta kawo shawara sai wata ta maimaita ta tare da ambaton sunan mai ita, har ya zama ba yadda za a yi a ɗauke a ba wani. Wannan ko namiji yana iya yi, kalma shida ce, kamar yadda Hajiya ta faɗa ɗazu. Su kuma 'yan'uwana mata, ladabi ba ya buƙatar ki rushe maganarki kafin ki gina ta, ranka ya daɗe ta isa, sai ki tafi kai tsaye ga littafin janareta, ki ajiye "ban sani ba" ga abin da da gaske ba ki sani ba.

Washegarin ranar mitin janaretan nan na sami baiwar Allah a ofishinsu tana haɗa rasit, na ce Hajiya jiya ke kika fara kawo maganar littafin nan, zan gyara in sa sunanki. Ta ɗago da sauri ta ce, "A'a Malam don Allah ka bar shi, kar a ce ni na sa ka, ai tunda za a yi aikin shi ke nan." Na ce ba ke kika sa ni ba, aikina ne in rubuta abin da ya faru. Litinin ta gaba da na miƙe karanta bayanin mitin ɗin baya na karanta shi da sunanta a matsayin wadda ta kawo shawarar, da sunan abokinmu a matsayin wanda ya goyi baya. Shi ya ɗan yi jim, sannan ya ce ƙwarai haka aka yi, ita ta fara faɗa. Darakta ya dube ta ya ce to Hajiya tunda dabararki ce ke za ki riƙa duba littafin duk ƙarshen sati. Ba ta ɗago kai ba, ta ce to ranka ya daɗe, ta jawo takarda ta fara ja mata layi, ranar wata, lokacin kunnawa, lokacin kashewa, sa hannun mai gadi.